Yadda ake gano matsalar fatishan a kwamfuta mai diski fiye da ɗaya, ba tare da an goge wanda bai ji ba bai gani ba

Ranar da na fi jin kunya a wannan sana'a, lamba ɗaya ce ta jawo mini. Wani abokina mai ɗaukar hoton biki ya kawo kwamfutar tebur mai diski uku: ƙaramin SSD (diski marar juyawa) mai 256GB inda Windows take, sai manya biyu masu 1TB kowanne. Ɗaya sabo ne fil, shi yake so a shirya masa. Ɗayan kuwa maƙil yake da hotunan kamu da na ɗaurin aure, har da waɗanda bai kai wa masu su ba tukuna. Na buɗe diskpart, manhajar Windows ta sarrafa diski da umarnin rubutu, na ga Disk 1 da Disk 2 duk an rubuta musu 931 GB, na ce a raina ai sabon shi ne na ƙarshe tunda shi aka ɗaura daga baya. Na zaɓi na 2, na rubuta clean, umarnin share diski, na danna Enter. Shi diskpart ba ya tambayar mutum ko ya tabbata. Kafin in ɗauke yatsa ya ce ya gama.

Ashe kama da wane ba ta wane. Windows ba ta raba wa diski lamba bisa wanda ya riga zuwa. Yawanci tana bin ramin da aka soka wayar kowanne ne, kuma lambar tana iya canzawa daga wannan kunnawa zuwa waccan. Da na ɗan kai ido layin da aka rubuta Free, da na ga ɗaya fanko ne gaba ɗaya, ɗayan ba shi da sarari ko kaɗan. Hotunan sun dawo daga baya, zan kuma nuna yadda aka yi, amma sai da na yi zufa da fanka a kaina.

Tun daga ranar na lura cewa a kwamfuta mai diski da yawa, cutar ba ta cika yin ɓarnar da mai magani yake yi ba. Don haka a jerin da ke tafe duk abin da ke karantawa kawai shi ne a gaba, abin da ke rubutu a kan diski kuma sai can ƙarshe.

Ka ɗauki diski kamar gonar da aka yanka filaye. Teburin fatishan shi ne takardar awo mai nuna inda kowane fuloti ya fara da inda ya ƙare. Iri biyu ne, MBR da GPT. Kowane fuloti shi ne fatishan. A cikinsa akwai tsarin jera kaya, wato NTFS ko FAT32 ko exFAT, ko ext4 idan na Linux ne. Harafin da kake gani, C ko D ko E, lambar ƙofa ce kawai da Windows ta manna. Takardar awo tana iya ɓata alhali gine-gine suna nan daram. Lambar ƙofa tana iya faɗuwa alhali ba abin da ya sami ɗaki. Aikinka shi ne ka gano a wane hawa matsalar take.

Mataki na farko: san kowane diski da sunansa

Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta diskmgmt.msc, danna Enter. Disk Management zai buɗe. Ƙasan shafin ya fi muhimmanci: kowane diski yana da layinsa, fatishan mai lafiya yana da shuɗin zane a samansa, sararin da ba a yanka ba kuma baƙin zane da kalmar Unallocated. Kafin komai, ɗauki hoton shafin nan da wayarka. Idan abu ya rikice an jima, wannan hoton ne zai tuna maka yadda gonar take.

Girma kaɗai ba ya isa a tantance diski. Buɗe PowerShell, shafin rubuta wa Windows umarni, a matsayin Administrator ka rubuta:

Get-Disk

Zai jero lambar kowane diski da sunan ƙirarsa da lambar siriyal da girmansa, ya kuma faɗa maka MBR ne ko GPT. Lambar siriyal ɗin nan tana rubuce a takardar da ke manne a bayan diskin. Ni har farin selotef nake manna wa kowanne in rubuta haruffa huɗun ƙarshe da biro. Sannan ka sa wa kowane fatishan suna a cikin This PC: Hotuna, Aiki, Ajiya. Harafi yana canzawa, suna kuwa yana bin fatishan duk inda aka kai shi.

Kada ka tsorata don ka ga diskin 1TB ya nuna 931 GB, ko na 500GB ya nuna 465. Ba a cuce ka ba. Masu ƙerawa suna lissafi da 1000 ne, Windows kuma da 1024.

Idan akwai diskin da ba ruwansa da matsalar, kashe kwamfutar ka zare wayarsa. Diskin da ba ya jone babu umarnin da zai goge shi.

Mataki na biyu: kwamfutar tana ganin diskin kuwa?

Idan diski bai fito a Disk Management ba sam, ba maganar fatishan ake ba tukuna. Sake kunna kwamfutar ka shiga BIOS, shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi: a HP yawanci F10 ne, a Dell F2, a ThinkPad F1, a yawancin kwamfutocin haɗi kuma Del. Nemi jerin diskin da ta gani. Idan ba ya nan, to a koma kan ƙarfe da waya.

A kwamfutar tebur, canza wayar SATA, wato wayar bayanai ta diskin, da wata, canza ramin da ke jikin madabod, babban allon cikin kwamfutar, ka kuma tabbatar wayar wuta ta zauna. Wayar SATA tana mutuwa fiye da yadda ake zato, ga ƙurar hunturu da ke cika ramuka. Akwai kuma tarkon da ke kama masu ƙara SSD na M.2, siririn nan da ake sokawa kai tsaye a madabod: a madabod da yawa, ramin M.2 yana raba hanya da wasu ramukan SATA, da zarar ka soka sabon sai rami ɗaya ko biyu su daina aiki. Mutum ya ɗaura sabon diski, tsohon ya ɓace, ya ɗauka ƙonewa ya yi. Matsar da wayar tsohon zuwa wani rami kawai.

A laftop, musamman irin na hannu da aka cire wa DVD aka soka kadi, wato mazaunin diski, don a ɗora tsohon diski, kadin ne abin zargi na farko. Zare shi ka sake zaunar da shi. Diskin waje kuma a gwada shi a ramin USB na bayan kwamfuta, domin na gaba ba su cika ba da isasshiyar wuta ba. Babba mai inci 3.5 dole sai da cajarsa.

Idan diskin ya fito, duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo, kyauta ce. Shuɗi da kalmar Good lafiya ke nan. Ruwan ɗorawa da Caution, musamman idan lambobin da ke gaban Reallocated Sectors Count ko Current Pending Sector Count sun tashi daga sifili, yana nufin fuskar diskin ta fara ruɓewa. Idan kuma kana jin yana ƙas-ƙas-ƙas yana tsayawa yana sake juyawa, kashe shi. Irin wannan ba a yi masa chkdsk (umarnin Windows na duba diski da gyara shi), ba a yi masa gyaran fatishan. A kwafe shi gaba ɗaya zuwa wani diski da manhaja irin ddrescue, a yi aikin a kan kwafin, ko a kai wa masu kayan aikin ceto bayanai idan abin da ke ciki ya kai a kashe masa kuɗi.

Mataki na uku: karanta abin da Disk Management ya rubuta

Nan ne yawancin matsaloli suke warwarewa, kuma kowace kalma da maganinta.

Fatishan ya nuna Healthy da NTFS amma ba shi da harafi. Wannan ita ce mafi sauƙi. Danna shi da dama, zaɓi Change Drive Letter and Paths, sai Add, ka ba shi harafi. Zaɓi harafi na can nesa kamar M ko R, don kada ya yi karo da filashi ko ramin katin memori. Idan kullum ka soka sabon diski sai ka ba shi harafi da hannu, shiga diskpart ka rubuta automount enable. Amma ƙananan fatishan masu suna EFI System Partition da Recovery, da gangan aka hana su harafi. A bar kaza cikin gashinta.

Idan bayan ƙara diski wasu manhajoji suka fara cewa ba su ga fayilolinsu ba, duba ko D ɗin jiya ya koma E. Ta wannan hanyar dai za ka mayar masa da harafinsa, bayan ka ƙwace shi daga wanda ya gaje shi.

Diski ya nuna Offline. Kai maus kan alamar ka karanta dalili. Idan ka ga maganar signature collision, to diski biyu ne ke ɗauke da shaida iri ɗaya, kuma kusan kullum bayan an kwafe tsohon diski kacokan zuwa sabon SSD ne hakan ke faruwa. Danna dama ka zaɓi Online zai dawo da shi, amma Windows za ta canza masa shaida, wanda hakan kan hana shi tayar da Windows daga baya. Saboda haka bayan irin wannan kwafi, kashe kwamfutar, cire tsohon, tashi da sabon shi kaɗai ka tabbatar komai na aiki. Sai daga baya ka mayar da tsohon a matsayin ma'ajiya.

Diski ya nuna Foreign. Wannan diski ne da aka mayar Dynamic, tsarin Windows mai iya ɗinke diski da diski, a wata kwamfutar. Danna dama, zaɓi Import Foreign Disks. Idan a can an ɗinke shi da wani diski ne suka zama fatishan guda, sai ka kawo su duka kafin ka yi hakan.

Diski ya ƙi karɓar rubutu. A diskpart, zaɓe shi da umarnin select disk da lambarsa, ka rubuta attributes disk clear readonly. Idan SSD ne kuma ya ƙi sakin, wataƙila ya kai ƙarshen rayuwarsa ne ya kulle kansa don ya ba ka damar kwashe kaya. Kwashe.

Fatishan ya nuna Healthy amma babu NTFS babu komai a gabansa. Tambayi mai kwamfutar ko an taɓa ɗora Linux, domin Windows ba ta karanta ext4 kai tsaye. Idan kuma ka ga BitLocker, ba lalacewa ya yi ba, a kulle yake, sai da mabuɗi mai lamba 48 wanda yawanci ke ajiye a asusun Microsoft na wanda ya fara shiga kwamfutar. Sababbin kwamfutoci masu Windows 11 da yawa suna kulle diski da kansu ba tare da mai su ya sani ba. Nemo mabuɗin nan ka rubuta shi a takarda kafin ka taɓa fatishan ko saitin BIOS.

Sauran biyun su ne masu haɗari: Not Initialized da RAW. A duka biyun Windows za ta fito da ɗan akwati tana roƙonka, ko dai ka yi Initialize ko ka yi fomat. Idan diskin sabo ne daga kwali, yi Initialize, zaɓi GPT, danna dama a baƙin sararin ka zaɓi New Simple Volume, shi ke nan. Idan kuwa jiya akwai kaya a ciki, danna Cancel. Not Initialized a tsohon diski yana nufin takardar awo ce ta ɓata. RAW yana nufin fulotin yana nan amma Windows ta kasa gane tsarin da ke cikinsa, abin da ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu ko fizge diskin waje kan haifar. Chkdsk ma zai ce maka ba ya aiki a kan RAW.

Abu ɗaya kafin mu wuce: idan daga cikin kwanson USB ka ciro diskin ka soka shi kai tsaye ya nuna haka, mayar da shi kwansonsa. Wasu kwansunan suna canza yadda ake lissafin sassan diski, wasu ma suna kulle bayanan, don haka a waje sai ya zama kamar ba komai a ciki.

Mataki na huɗu: dawo da fatishan da ya ɓata

TestDisk ita ce ta fitar da ni kunya a ranar da na faɗa. Manhaja ce kyauta wadda Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta, baƙin allo ne da rubutu, ba a amfani da maus. Abin da ya sa ta yi aiki shi ne umarnin clean takardar awo kawai yake gogewa, ba ya bin fulotai. Da clean all na rubuta, wanda ke bin diski da sifili daga farko har ƙarshe, da sai dai haƙuri.

Sauke ta a kan wani diski dabam, ba mai matsalar ba. Buɗe testdisk_win.exe a matsayin Administrator. Zaɓi Create. Za ta jero diskin. Duba suna da girma, zaɓi naka, sai Proceed. Za ta tambayi irin tebur: Intel shi ne MBR, EFI GPT shi ne GPT. Yawanci takan haska wanda ta gano da kanta, amma idan an goge teburin ba lallai ta gane ba, nan hoton da ka ɗauka da sakamakon Get-Disk za su yi maka rana. Sai Analyse, sai Quick Search.

Idan ta nuna fatishan, kada ka yi murna tukuna. Haska shi ka danna P. Za ta nuna folda da fayilolin da ke ciki. Lokacin da na ga sunayen foldojin abokina sun jeru, su Kamu da Walima da Dina, sai a sannan na iya haɗiye yawu. Idan abin da ka gani naka ne, danna a don zaɓar duka, sai babban C don kwafa, ka nuna mata wani diski mai isasshen wuri. Kwashe mafi muhimmanci tukuna. Bayan ka buɗe wasu daga cikin kwafin ka ga suna aiki, koma baya, tabbatar duk fatishan ɗin da kake so sun fito ba tare da alamar D ta gogewa a gefensu ba, danna Enter, zaɓi Write, amsa da Y, ka sake kunna kwamfutar. Idan Quick Search bai samo ba, akwai Deeper Search, wanda a babban diski kan ci sa'o'i. Shi yakan tono har tsofaffin fatishan na shekarun baya, don haka P ne alƙali a kan kowanne.

Ga RAW kuma, maimakon Analyse shiga Advanced, zaɓi fatishan ɗin, sai Boot. NTFS tana ajiye kwafin sashenta na farko a can ƙarshen fatishan. Idan TestDisk ta ce na farkon Bad ne na ajiyar kuma OK, duba fayiloli da List, kwashe, sannan ka zaɓi Backup BS ta ɗora mai kyau a kan lalatacce.

Idan duk wannan ya ci tura, PhotoRec da ke zuwa tare da ita tana tsamo fayiloli kai tsaye, sai dai ba suna ba folda, dubban hotuna a zube kamar an juye buhu. Kuma a sani, SSD ba kamar diski mai juyawa ba ne: bayan fomat yakan share wuraren da aka ce masa ba a buƙata da kansa, don haka damar ceto a kansa ƙarama ce.

Mataki na biyar: an cire diski ɗaya, Windows ta ƙi tashi

Wannan ita ce cutar da ta keɓanta da kwamfuta mai diski da yawa, kuma ina ganinta kusan duk lokacin da wani ya ƙara SSD. Mutum ya ɗora sabuwar Windows a kan SSD alhali tsohon diski yana jone. Mai ɗorawar ya ga akwai fatishan na tayarwa a tsohon, sai ya zuba fayilolin tashi a can maimakon ya yanka sabo. Komai na tafiya lafiya har ranar da aka cire tsohon ko aka yi masa fomat, sai allo ya ce babu abin tayarwa. Gida yana nan, mukulli ne aka bari a gidan maƙwabci.

Fara da mai sauƙi: shiga BIOS ka duba jerin tashi, ka tabbatar Windows Boot Manager na diskin da ya dace ne a sama. Idan kwamfutar tana mance saiti da agogo duk lokacin da aka zare ta daga wuta, batirin madabod ne ya mutu, ɗan faifan nan CR2032. Mutuwarsa kan mayar da saitin SATA daga AHCI zuwa RAID ko akasin haka, sai Windows ta fito da shuɗin allo mai cewa INACCESSIBLE BOOT DEVICE. Mayar da saitin yadda yake a da.

Idan ba nan ba ne, mayar da tsohon diskin ka tashi, ka duba Disk Management. Wanda aka rubuta wa Boot shi ne inda Windows take. Wanda aka rubuta wa System ko EFI System Partition shi ne mai fayilolin tashi. Sunayen a juye suke, haka Microsoft ta ga dama. Idan ba a diski ɗaya suke ba, ka kama ɓarawon. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta msinfo32 ka duba BIOS Mode, wato salon tashin kwamfutar: UEFI shi ne sabo, Legacy tsoho. Idan UEFI ne kuma SSD ɗin GPT ne, buɗe Command Prompt a matsayin Administrator:

diskpart
list volume
select volume C
shrink desired=300
create partition efi size=260
format quick fs=fat32
assign letter=S
exit
bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI

Ka yanko ɗan wuri daga C ke nan, ka gina sabon fatishan na tayarwa, ka zuba masa fayiloli. Kashe kwamfutar, cire tsohon diski, kunna. Idan Legacy ne, ba a buƙatar sabon fatishan: rubuta bcdboot C:\Windows /s C: /f BIOS, sannan a Disk Management ka danna C da dama ka zaɓi Mark Partition as Active.

Idan tsohon diskin ya riga ya tafi, tashi da filashin ɗora Windows, danna Shift da F10 a shafin farko, baƙin allo zai fito, ka yi aikin a can. Sai dai a can haruffa sukan sauya, Windows ɗinka tana iya zama a D ko E. Gwada dir D:\Windows har ka same ta, ka sa wannan harafin a madadin C.

Gaba kuma, duk lokacin da za ka ɗora Windows, bar diski ɗaya tak a jone.

Masu Windows da Linux a kwamfuta ɗaya suna da nasu ƙarin biyu. Idan Linux ta ƙi rubutu a fatishan na NTFS, Fast Startup ne na Windows ya bar shi rabin barci; powercfg /h off yana kashe shi. Idan kuma Linux ta maƙale wajen tashi bayan ƙara diski, duba /etc/fstab: sunaye irin /dev/sdb1 suna canzawa kamar lambobin Windows, a maye gurbinsu da UUID, lambar shaidar fatishan da umarnin blkid ke nunawa.

Mataki na shida: rigimar wuri, da MBR da GPT

MBR tsoho ne, tun 1983 yake. Fatishan huɗu na asali kawai yake ɗauka, kuma a diskin da aka saba ba ya wuce 2TB. Shi ya sa za ka ga diskin 3TB ya nuna 2048 GB, sauran kusan 746 GB kuma baƙi ne ya ƙi yankuwa. GPT yana ɗaukar har 128 a Windows, yana kuma ajiye kwafin teburinsa a ƙarshen diski. Don mayar da diskin ajiya GPT ta Disk Management sai ka kwashe kaya, ka goge duk fatishan, sannan Convert to GPT Disk zai kunnu.

Diskin da Windows take kai yana da hanyarsa da ba ta goge komai, wadda ta zo da Windows 10 tun 2017. Rubuta mbr2gpt /validate /disk:0 /allowFullOS, ka sa lambar diskinka ta gaskiya a wurin sifilin. Idan ya amince, maimaita da /convert a madadin /validate, sannan ka shiga BIOS ka juya daga Legacy zuwa UEFI, in ba haka ba ba za ta tashi ba. Ba ya karɓar diskin da fatishan ɗinsa na asali suka wuce uku. Tunda tallafin Windows 10 ya ƙare a 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma UEFI take so, wannan aikin ya yawaita a teburin masu gyara. Haka idan mai ɗora Windows ya ce ba zai iya ba saboda diskin GPT ne ko MBR ne, ba lallai a goge diski ba: yadda ka tayar da filashin ne bai dace da shi ba. Koma jerin tashi ka zaɓi filashin mai UEFI a gaban sunansa idan diskin GPT ne, marar shi idan MBR ne.

Sai kukan da aka fi yi: C ya cika, Extend Volume kuma ya dushe ya ƙi dannuwa. Sharaɗinsa shi ne sararin ya kasance a diski ɗaya, manne da C ta hannun dama. Sau da yawa ɗan fatishan na Recovery ne ya tsaya a tsakani. Manhajar GParted, da ake tayarwa daga filashi, tana iya matsar da shi. Amma matsar da fatishan aiki ne da idan aka ɗauke wuta a tsakiyarsa sai an koma mataki na huɗu, don haka kada ka fara sai da kwafin ajiya da UPS ko cikakken batir. Bayan an gama, rubuta reagentc /info ka ga ko Recovery ɗin yana nan Enabled; idan ba haka ba, reagentc /enable.

Sararin da ke diski na biyu kuwa ba ya ƙaruwa a kan C. Windows za ta iya yi maka tayin mayar da diski Dynamic don ɗinke wurare, ni dai ban taɓa ba kowa wannan shawarar ba: diski ɗaya ya mutu, duka sun tafi, garin neman gira a rasa ido. Abin da ya fi shi ne ka buɗe folda a D, ka danna Downloads ko Documents ko Videos da dama, Properties, Location, Move, ka nuna sabuwar foldar. Folda za ka nuna, ba D ɗin kansa ba, in ba haka ba warware shi sai ya ci maka yini.

Mataki na ƙarshe: sai yanzu aka zo kan clean

Idan ka kwashe komai, ka buɗe kwafin ka gani da idonka, diskin kuma lafiyarsa ƙalau a CrystalDiskInfo, to ana iya share gonar a sake awo. Zare duk diskin da za ka iya zarewa, sannan:

diskpart
list disk
select disk 2
detail disk

Tsaya nan. Lambar 2 misali ce, ka sa taka. Karanta sunan ƙirar da detail disk ya nuna, ka duba sunayen fatishan da ya jero a ƙasa, ka gwada da selotef ɗin da ka manna. Idan ka ga Hotuna ko Aiki a jerin, ba shi ba ne. Idan shi ne, ci gaba:

clean
convert gpt
create partition primary
format fs=ntfs quick label=Ajiya
assign letter=M

Idan diskin zai riƙa yawo tsakanin Windows da Mac ne, sa exfat a wurin ntfs. FAT32 kuwa ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai 4GB, bidiyon biki guda ma sai ya gagare shi. Idan kuma tsohon diski ne da kake ɗan shakkarsa, cire kalmar quick: fomat ɗin zai bi kowane sashe yana dubawa, a diskin 1TB yakan ɗauki sa'o'i, don haka ka fara shi lokacin da kake da tabbacin wuta.